Tsarin Shanye Jijjiga a Ƙananan Ababen Sufuri: Nazarin Keke Napep da Amalanke a Yankin Jega da Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin haɗin da ke tsakanin ƙafa da gangar jikin ƙananan ababen sufuri masu tafiya a hankali, wato keke napep da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya da amalanke da kura, bisa la'akari da aikin da suke yi a ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi. Manufar ita ce a nuna cewa babbar matsalar tsara wannan haɗi tana tasowa ne daga tazarar da ke tsakanin nauyin abin hawa babu kaya da nauyinsa idan an yi masa lodi. An fayyace sassan tsarin da aikin kowanne, an kawo taƙaitaccen tarihinsa, sannan an auna gyare-gyaren kanikawa da maƙera da ma'aunin kimiyya. A ƙarshe an dubi kalmomin da Hausa ke da su na bayyana wannan fanni da kuma giɓin da ya rage.

Fitilun Kalmomi: jijjiga, sifirin, shokozoba, keke napep, amalanke, cibiyar nauyi

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan mota Bahaushe ya san cewa kaya da maɗaukinsu suna bukatar wani abu mai laushi a tsakaninsu. Mai ɗaukar tulu yakan naɗa gammo ya ɗora a ka, mai jaki kuma ba ya ɗora taiki ko mangala sai ya shimfiɗa akumari. Gammo da akumari aiki biyu suke yi: suna rarraba nauyi a kan fili mai faɗi, kuma suna shanye bugun da kowane taku ke haifarwa. Wannan hikima ce masana ƙere-ƙere suka mayar da ita ƙarfe da roba da mai, suka sanya ta tsakanin ƙafar abin hawa da gangar jikinsa. A wannan maƙala an kira ta tsarin shanye jijjiga.

Mafi yawan bayanan da ake samu a kan wannan tsari sun karkata ne ga motocin da ke gudu a kan kwalta. Sai dai a karkarar ƙasar Hausa, kaso mai yawa na mutane da amfanin gona yana tafiya ne a kan ƙananan ababen hawa da ba safai suke wuce gudun kilomita 40 a awa ba. Lafiyar bayan direba da kwanciyar hankalin mai ciki ko mai karaya da aka ɗauko, da ingancin amfanin gonar da zai isa kasuwa, duk sun rataya a kan yadda aka tsara ƙafafun waɗannan ababen hawa.

2.0 Farfajiyar Nazari

Jega da Aliero da Maiyama ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal tana ratsa Aliero da Jega, sannan ta gangara kudu ta yankin Maiyama zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce, Aliero kuwa ta yi suna wajen noman albasa da kuma sana'ar ɗori. Jiga Makera na ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Aliero, kuma sunanta kansa yana tuna wa mai nazari da sana'ar ƙira, wadda ita ce uwar duk wani aikin ƙarfe a ƙasar Hausa.

Da zarar an sauka daga kwalta, sai a shiga hanyoyin burji da turbobin gona da na fadama. Da rani akwai yashi da gargada, da damina kuma akwai taɓo da zaizayar ruwa. A kan irin waɗannan hanyoyi ne ake fito da albasa da shinkafa da gero da dawa zuwa bakin titi. Albasa ba ta jure bugu: wadda ta ƙuje ko ta dauje a hanya ita ce kan fara ruɓewa a wurin ajiya, ta kuma shafi na kusa da ita. Saboda haka asarar da manomi kan gani watanni bayan girbi tana iya kasancewa ta samo asali ne daga tafiyar 'yan kilomitoci a ranar da aka kwaso amfanin.

Ababen sufurin da nazarin ya shafa iri huɗu ne. Akwai keke napep na ɗaukar fasinja, da babur mai ƙafa uku mai akwatin kaya a baya, da amalanken da shanu ko jaki ke ja, sai kuma kurar da 'yan ga-ruwa da 'yan dako ke turawa.

3.0 Sassan Tsarin da Ayyukansu

Ana raba nauyin abin hawa gida biyu. Nauyin sama shi ne duk abin da ke zaune a kan sifirin: bodi da direba da fasinja da kaya. Nauyin ƙasa kuwa shi ne abin da ke bin tudu da kwarin hanya kai tsaye: taya da wili da birki da aksul. Aikin tsarin shi ne ya bar nauyin ƙasa ya yi ta hawa da sauka, nauyin sama kuma ya tafi a miƙe, tare da tabbatar da cewa taya ba ta rabu da ƙasa ba, domin tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta kuma jin juyin kan keke.

3.1 Taya

Taya ita ce sifirin na farko, domin iskar da ke cikinta tana matsuwa ta haɗiye ƙananan tsakuwa. Lotsawarta ba ta da yawa, bisa al'ada santimita 1 zuwa 2 ce.

3.2 Sifirin

Sifirin yana karɓar bugu ya ajiye shi, sannan ya sake shi a hankali. Ƙa'idar aikinsa ita ce wadda masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa a 1678: lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, in an ninka nauyi sai lotsawar ta ninku. Ire-irensa da suka shafi wannan nazari uku ne: mai falle-falle, wanda ake jera faifan ƙarfe ɗaya bisa ɗaya; da naɗaɗɗe, mai kama da murɗaɗɗiyar waya; da kuma na curin roba.

3.3 Shokozoba

Sifirin shi kaɗai ba ya kashe jijjiga, mayar da ita lilo yake yi. Shokozoba ce ke kwantar da lilon. Bututu ce mai ɗauke da mai, kuma duk motsin ƙafa yana tilasta wa man ratsawa ta wasu ƙananan kafofi, sai ƙarfin motsin ya koma zafi ya baje. Galibi akan tsara ta ta fi tauri wajen miƙewa fiye da wajen matsewa, don ƙafa ta samu saurin kauce wa tudu, amma kada sifirin ya cilla bodi sama bayan an wuce shi.

3.4 Hannuwa da Bushin

Hannuwa su ne ƙarafan da ke riƙe ƙafa, su ba ta damar hawa da sauka, su hana ta karkacewa. A mahaɗarsu da bodi akwai bushin na roba, a ƙarshen zangon motsinsu kuma akwai robar tokare da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe. A yawancin keke napep, ƙafar gaba tana kan ɗan gajeren hannu mai naɗaɗɗen sifirin da shokozoba, ƙafafun baya kuma kowace tana da hannunta, tana motsi ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba. Babur mai akwatin kaya ya bambanta: gabansa irin na babur ne, bayansa kuma aksul guda ne da ke zaune a kan sifirin mai falle-falle.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar sifirin mai falle-falle na keken doki a Landan, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya fito da tayar iska ga keke a Belfast. Asalin keke napep yana komawa ne ga Italiya, inda kamfanin Piaggio ya fara ƙera Ape a 1948 ta hanyar haɗa gaban babur ɗin Vespa da ƙafafu biyu a baya. Daga can fasahar ta isa Indiya, inda kamfanin Bajaj ya bunƙasa ta, ya kuma fito da samfurin mai inji a baya a 1977.

A Nijeriya, an fara sanin keken sosai a Legas zamanin Mohammed Buba Marwa, wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999, shi ya sa ake ce masa keke Marwa. Sunan napep ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya, NAPEP, wanda aka kafa a 2001. A Kano kuwa ya ɗauki sunan A Daidaita Sahu daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Abin lura a nan shi ne an ƙera wannan keke ne don direba da fasinjoji uku a titunan birni. Aikin da yake yi tsakanin gona da kasuwa a karkara aiki ne da aka ɗora masa daga baya.

5.0 Matsaloli Uku na Ƙaramin Abin Hawa

5.1 Tazarar Nauyi

Duk abin da ke zaune a kan sifirin yana da adadin lilon da yake yi a sakan ɗaya idan an danna shi an saki. Wannan adadi ya dogara ne ga yawan lotsawar sifirin a ƙarƙashin nauyi. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 5 da tushen adadin santimitocin lotsawar. Idan ya lotsa santimita 25, lilo sau 1 ne a sakan. Idan santimita 10 ne, kimanin sau 1.6, idan 4 ne, sau 2.5, idan kuma 1 ne kacal, sau 5. Motocin fasinja akan tsara su tsakanin sau 1 da 1.5, domin jikin ɗan Adam ya fi jin daɗin wannan. Girgizar sama da ƙasa da ta fi damun jiki kuwa ita ce ta tsakanin sau 4 da 8 a sakan, inda kayan ciki da ƙashin baya kan shiga rawa tare da ita.

Motar da nauyinta ya kai kilo 1,300, idan mutum biyar suka shiga, abin da ya ƙaru bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ba, don haka halinta ba ya sauyawa sosai. Keke napep kuwa nauyinsa babu kowa yana tsakanin kilo 300 da 400 ne. Direba da fasinjoji uku sun kusa ninka shi, kuma mafi yawan ƙarin yana sauka ne a kan ƙafafun baya. Babban buhun albasa guda yana iya kaiwa kilo 100.

A ɗauki misali don fayyacewa. A ce sifirin ɗin baya yana ɗauke da kilo 200 babu kaya, da kilo 500 idan an cika lodin da aka ƙayyade. In an zaɓi sifirin da zai lotsa santimita 10 da lodi, to babu kaya zai lotsa santimita 4 ne, sai keken ya riƙa tsalle yana dukan direba a hanyar komawa gona. In kuma an zaɓi mai laushin da zai yi daɗi babu kaya, da an yi lodi sai ya kwanta a kan robar tokare. Idan aka kai lodin kilo 800, sifirin na farkon ma zai bukaci lotsawar santimita 16, abin da ya wuce zangon da ƙaramin keke ke da shi. A wannan hali tsarin ya daina aiki gaba ɗaya, duk bugun hanya yana wucewa kai tsaye zuwa bodi da kaya da mutane.

Masu iya magana kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mafitar da masana suka samo ita ce sifirin mai ƙara tauri gwargwadon ƙaruwar nauyi. Ana samun haka ta hanyoyi uku: a sanya falle na taimako wanda ba ya taɓa komai sai lodi ya yi nauyi, ko a yi naɗaɗɗen sifirin da wasu zagayensa suka fi kusa da juna, su riƙa haɗewa a hankali, ko a yi amfani da curin roba, wanda ɗabi'arsa ce ya ƙara tauri yayin da ake matsa shi. Wannan hanya ta uku Alex Moulton ya bi a motar Mini ta 1959, ƙaramar mota mai wili inci 10 wadda ta fuskanci irin wannan matsala ta tazarar nauyi.

5.2 Ƙanƙantar Ƙafa

Yawancin keke napep suna amfani da wili mai inci 8, wanda faɗin tayarsa daga gefe zuwa gefe ya kai kimanin santimita 40. Na ƙaramar mota kuwa yakan kai 60 zuwa 65. Bambancin yana bayyana idan an ci karo da dutse ko bakin rami. Don ƙafa mai faɗin santimita 40 ta hau matakin santimita 5 daga tsaye, tana bukatar turi da ya kai kimanin kashi 88 cikin 100 na nauyin da ke kanta. Mai faɗin santimita 64 kuwa kashi 64 cikin 100 ya ishe ta. Ma'ana, ƙaramar ƙafa tana karɓar bugun ne ta gaba fiye da ta ƙasa, kuma takan faɗa ramin da babbar ƙafa za ta tsallake.

Wannan ne ya sa hannu mai bin baya ya dace da irin waɗannan ababen hawa. Da yake mahaɗarsa tana gaban ƙafar, idan ƙafa ta bugi tudu sai ta kauce sama ta hanyar lilo, maimakon ta tokare. Haka kuma yana da muhimmanci nauyin ƙasa ya zama kaɗan. Aksul guda mai nauyi a ƙarƙashin akwati marar kaya yakan rinjayi akwatin, ya riƙa jefa shi sama. Kamfanin Citroën na Faransa ya nuna amfanin dogayen hannuwa da sifirin mai laushi a motarsa 2CV ta 1948, wadda aka sharɗanta wa masu tsara ta cewa ta iya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ya fashe ba. Bukatar manomin Faransa na wancan zamani ba ta da nisa da ta manomin albasa a yau.

5.3 Kifewa

Abin hawa mai ƙafa huɗu yana tsaye ne a kan murabba'i, mai ƙafa uku kuwa a kan alwatika wadda ta tsuke a gaba. Muddin cibiyar nauyi tana cikin wannan alwatika, keke yana tsaye; da ƙarfin kwana ya tura ta waje, sai ƙafar ciki ta ɗaga. A ɗauka tazarar ƙafafun baya santimita 115 ce, cibiyar nauyi kuma tana kashi biyu cikin uku na tsawon keken daga gaba. A wannan wuri, tazarar da ke tsakanin cibiyar da gefen alwatikar kimanin santimita 38 ce. Idan tsayin cibiyar daga ƙasa santimita 60 ne, keken zai fara ɗaga ƙafa a kwana mai zagayen mita 10 idan gudu ya kai kimanin kilomita 28 a awa. Idan aka ɗora kaya a kan rufi har cibiyar ta hau zuwa santimita 85, iyakar tana sauka zuwa kimanin kilomita 24. Fasinjan da ya zauna gefen direba yana ƙara matsar da cibiyar gaba, inda alwatikar ta fi tsukewa, ya kuma karkatar da ita gefe ɗaya.

A nan ne bukatu biyu suke cin karo. Sifirin mai laushi yana kare kaya daga bugu, amma yana barin bodi ya kwanta a kwana, abin da ke ƙara rage waccan iyaka. Ƙafar gaba guda ɗaya ba ta iya hana kwanciyar, don haka dukkan aikin yana kan ƙafafun baya. Mai tsara keke dole ya nemi tsaka-tsaki, mai lodi kuma wajibinsa ne ya ajiye kaya masu nauyi a ƙasa kuma kusa da ƙafafun baya.

6.0 Gyare-gyaren Kanikawa da Maƙera

Da yake ana ɗora wa waɗannan ababen hawa fiye da ƙimarsu, kanikawa da masu walda sukan yi musu sauye-sauye. Kowane sauyi yana da riba da kuma farashi.

Ƙara falle a sifirin yana ƙara tauri daidai da yawan fallayen: daga huɗu zuwa shida ƙarin rabi ne. Kauri kuwa lissafinsa daban ne, domin falle mai ninkin kauri ya fi tauri sau 8. Saboda haka ɗauko fallen babbar mota a sanya wa babur mai ƙafa uku daidai yake da cire sifirin ɗin baki ɗaya. Akwatin zai daina kwanciya, amma bugun zai koma kan walda da boris da wili, su riƙa tsagewa. Abin da ya fi dacewa shi ne falle na taimako da aka bar masa 'yar tazara, yadda ba zai shiga aiki ba sai an yi lodi.

Yanke naɗaɗɗen sifirin yana ƙara masa tauri, yana kuma rage zangon motsinsa. Gasa sifirin da wuta ko yi masa walda kuwa yana kashe ƙarfinsa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga maƙeri, domin tsohon fallen sifirin na cikin ƙarafan da maƙera suka fi so wajen ƙera wuƙa da adda da gatari, kuma sun san cewa zafin wuta da yadda aka sanyaya ƙarfe su ne ke ba shi tauri ko su kashe shi. Sifirin da aka yi wa walda yakan sake karyewa ne daga gefen waldar.

Shokozoba kuwa ita ce aka fi yin sakaci da ita, domin keke yana ci gaba da tafiya ko da manta ya tsiyaye. Illar tana bayyana ne a hanya mai gargada. Idan tazarar tudun gargada mita 1 ce, mai gudun kilomita 20 a awa yana karɓar bugu kusan sau 5.6 a sakan, wato a tsakiyar zangon da ya fi cutar da jiki. Ƙa'ida ita ce sifirin ba ya fara rage girgiza sai yawan bugun hanya ya zarce yawan lilonsa da kusan ninki ɗaya da rabi. Idan kuwa adadin biyu suka zo daidai, sai lilon ya yi ta ƙaruwa, kamar yaron da ake turawa a shillo daidai lokacin da ya dawo. Shokozoba ce kaɗai ke taƙaita wannan. Gwajinta ba shi da wuya: a danna bodi da ƙarfi a saki, in ya yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu kafin ya tsaya, ta gaji.

Cika wa taya iska fiye da ƙima don ta ɗauki lodi yana mayar da ita kamar dutse, rage iskar da yawa kuma yana sa ta zafi, gefenta ya tsage. Mai faci da ke da ma'aunin iska yana cikin masu kula da wannan tsari, ko da ba a lissafa shi.

7.0 Amalanke da Kura

Amalanke da kura galibi ba su da sifirin, kuma wannan ba gazawar masu ƙera su ba ce. Akan ɗora amalanke ne a kan tsohon aksul na mota da tayoyin iska, shanu kuma suna tafiyar kilomita 3 zuwa 4 a awa. Ƙarfin bugu yana tafiya ne da ninkin gudu a kansa, don haka abin da ke tafiyar kilomita 4 yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na bugun da mai gudun kilomita 40 zai karɓa da nauyi iri ɗaya. A irin wannan tafiya, gargada mai tazarar mita 1 tana zuwa ne kusan sau ɗaya a sakan, ƙasa ƙwarai da lilon taya, wanda ke tsakanin sau 3.5 da 5. Amalanken sai ya bi tudu da kwari a natse.

Abin da ya fi muhimmanci a amalanke mai ƙafa biyu shi ne daidaiton kaya a kan aksul. In kaya sun yi gaba, nauyin yana sauka a wuyan shanu ta karkiya ko a bayan jaki. In sun yi baya, sai su ɗaga dabbar, ta rasa ƙarfin taka ƙasa. Haka abin yake ga ɗan ga-ruwa: jarka 10 masu lita 25 kilo 250 ne na ruwa, kuma wurin da aka kafa aksul ne ke ƙayyade ko wannan nauyi zai zauna a kan taya ko a kan hannuwansa.

Matsala tana tasowa ne idan aka ɗaura irin wannan amalanke ko kura a bayan babur. Da gudu ya kai kilomita 15 zuwa 20 a awa, bugun gargada yana zuwa sau 4 zuwa 5.6 a sakan, daidai da lilon tayar, kuma babu abin da zai kwantar da shi. Don haka duk abin da aka ƙera don tafiyar dabba, in za a mayar da shi ga inji, wajibi ne a sanya masa sifirin.

8.0 Batun Kalmomi

Ga mai nazarin harshe, wannan fanni yana nuna hanyoyi uku da Hausa ke bi wajen raɗa suna. Ta farko ita ce faɗaɗa ma'anar sassan jiki: ƙafa da hannu da kai da ciki da gindi duk sun koma sassan abin hawa. Ta biyu ita ce aro tare da daidaita lafazi, kamar sifirin da shokozoba da boris da bushin da birki da walda. Ta uku ita ce raɗa suna daga tarihin siyasa da zamantakewa, kamar napep da Marwa da A Daidaita Sahu.

Abin lura shi ne aron ya tsaya ne a kan abubuwan da ake iya riƙewa a hannu, wato waɗanda ake saye a shagon kayan gyara. Ra'ayoyin da ke bayyana dalilin aikinsu ba su samu sunaye tabbatattu ba tukuna. Bakanike yana da sunan kowane ƙarfe, amma idan zai bayyana abin da ya sa keke ke tsalle babu kaya, sai ya koma ga kwatance. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su nauyin sama da nauyin ƙasa da yawan lilo da cibiyar nauyi da hannu mai bin baya da falle na taimako, shawara ce da ke bukatar a gwada ta a bakin masu sana'ar. Hausa tana da wadatar kalmomin motsi da za a iya keɓe wa kowanne ma'anarsa ta kimiyya: jijjiga da girgiza da lilo da rawa da tsalle da lotsawa da gargada.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙaramin abin sufuri yana da matsalolinsa na kansa, waɗanda ba a magance su ta hanyar ƙanƙanta tsarin babbar mota. Nauyinsa yana ninkuwa tsakanin zuwa da dawowa, ƙafarsa ƙarama ce, kuma tushen tsayuwarsa alwatika ce. Tsarin da ya dace da hanyoyin Jega da Aliero da Maiyama shi ne mai sifirin da ke ƙara tauri tare da lodi, da isasshen zangon motsi, da shokozoba mai rai, da akwatin kaya da ke kusa da ƙasa, da sassan da bakaniken ƙauye zai iya kwancewa ya mayar.

Yankin yana da abin da ake bukata don a gwada wannan: akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a Aliero a 2006, akwai kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai kuma maƙera da masu walda da kanikawa da suka san halin ƙarfe da halin hanya. Abin da zai haɗa waɗannan ɓangarori shi ne harshen da kowa ke ji. Tattara kalmomin gareji da maƙera, da tantance su, da rubuta ƙananan littattafan koyarwa da su, aiki ne da ya hau kan masana Hausa, kuma amfaninsa zai isa ga direba da fasinja da manomin da ke jiran albasarsa ta kai kasuwa lafiya.